Daga Kano zuwa Guangzhou da Ethiopian Airlines: nisan hanya da awannin da take ci

Ranar da na karɓi tikitina na zuwa Guangzhou, wani maƙwabcina a Kantin Kwari ya duba lokacin tashi da na sauka, ya ƙirga da yatsu, ya ce tafiyar ta kai awa 26. Lissafinsa bai yi daidai ba, domin agogon Sin yana gaban na Najeriya da awa 7, kuma kowane lokaci da ke jikin tikiti agogon garin da ake ciki ne. Idan aka cire wannan, daga tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa sauka a filin Baiyun na Guangzhou awa 19 ne ko ɗan sama da haka, har da zaman jira a Addis Ababa.

Zangon farko, Kano zuwa filin Bole na Addis Ababa, kimanin kilomita 3,300 ne, kuma mun yi shi cikin awa huɗu da rabi. Zango na biyu shi ne mai nauyi: kusan kilomita 8,000, awa goma a zaune. Abin da ya fi gamsar da ni da wannan hanya shi ne, da a ce akwai jirgi kai tsaye daga Kano zuwa Guangzhou, zai ci kusan kilomita 11,000, wato ratsen da ake yi ta Habasha bai ƙara abin da ya kai kilomita ɗari biyar ba. Fasinjan da ke tsoron canjin jirgi ya sani cewa a nan kusan miƙe yake tafiya, ba zagaye ba.

Mun bar Kano bayan azahar cikin zafi, muka sauka Bole da dare. Filin yana kan tudun da ya haura mita 2,300, saboda haka sanyin da ya tarbe mu ya sa wani dattijo da muka taso tare ya warware rawaninsa ya lulluɓe kafaɗu da shi. Duk wanda zai bi nan ya riƙe rigar sanyi a jakar hannu. Akwai wurin salla a ciki, na haɗa magariba da isha'i ba tare da gaggawa ba, kuma kayana na awo ban sake ganinsu ba sai a Guangzhou, inda suka fito lafiya.

Jirgi na biyu ya tashi bayan tsakar dare. Tun da gabas aka nufa, dare gajere ne ƙwarai. Barci bai gama ɗaukata ba na ga haske ya ɓullo ta gefen taga, na yi asuba a kujera. Ma'aikatan sun kula da mu da ladabi, suna zagayawa da ruwa ba sai an kira su ba, wanda a tafiya irin wannan na ɗauke shi da muhimmanci fiye da abinci.

Gajiyar dai tana nan, kuma nisa ne ya kawo ta. Mun sauka da la'asar, alhali a jikina safiya ce, sai da na kwana biyu a unguwar Xiaobei kafin barcina ya daidaita. Ɗan kasuwar da zai je baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou a Afrilu ko Oktoba ya isa da kwana biyu a hannu kafin ya fara ciniki, domin idon da bai yi barci ba ba ya tantance yadi.