Aikin kamfanin da ya saka mana bututun kashe gobara

Ginin da nake kula da shi a Abuja bene ne mai hawa biyar, shaguna a ƙasa, gidajen haya a sama, wurin ajiye motoci kuma a ƙarƙashin ƙasa. Bara muka ba wani kamfani aikin saka mana bututun yayyafin ruwa na kashe gobara, kuma a ganina aikinsu ya cancanci yabo, duk da ƙorafin da nake da shi.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda injiniyansu ya ƙi yarda a yi wa wurin motoci lissafin ruwa irin na ɗakunan kwana, ko da yake hakan ya ƙara mana kashe kuɗi. Ƙa'idar NFPA 13 ta Amurka kan yadda ake saka irin wannan bututu ya bi, wadda bugunta na 2022 ya ɗaga matakin haɗarin wuraren ajiye motoci, saboda motocin yanzu cike suke da roba, har tankin mai na wasunsu, idan ya narke sai man ya malale zuwa motar da ke kusa. Duk wanda ya tuna gobarar Liverpool ta Ingila a ranar 31 ga Disamba 2017, inda motoci sama da 1,000 suka ƙone a ginin da ba shi da irin wannan bututu, ba zai kira wannan almubazzaranci ba, balle mu da iyalai ke barci a saman motocin.

Sun kuma san halin ruwa da lantarkinmu, don haka suka keɓe wa gobara tankinta, suka haɗa injin tura ruwa mai aiki da dizal idan an ɗauke wuta. 'Yan haya da ke tsoron ruwa zai jiƙa musu kaya sun sami natsuwa da aka nuna musu cewa kowane kan bututu da ke fesa ruwan yana da 'yar kwalba mai jan ruwa da ba ta fashewa sai zafi ya kai digiri 68 a ma'aunin Celsius, kuma wanda ke kusa da wutar kaɗai ke buɗewa.

Ƙorafina shi ne sun tafi ba su koya wa masu gadi komai ba. Wata rana na tarar mai gyaran famfo ya rufe babban makunnin ruwan ya manta da shi, abin da ya tayar mini da hankali ƙwarai. Da na kira su, washegari suka zo suka ɗaure shi a buɗe da sarƙa da kwaɗo, amma horon masu gadi har yanzu muna jira.