Marsandi 190 SL ƙirar 1960 da aka sabunta: kafin a yi ciniki, a leƙa ƙarƙashinta

A wani gidan sayar da motoci da ke kan hanyar Lekki zuwa Epe an kafa wata Marsandi 190 SL ƙirar 1960, mai buɗaɗɗen kai. Bodinta ruwan azurfa ne, kujerunta jar fata, sitiyarinta fari tas kamar hauren giwa. Masu ita sun ce a Turai aka wargaza ta kaf aka sake haɗawa kafin ta sauka Legas. Aikin bodin ya tabbatar da maganarsu. Inji da birki kuwa, da sauran rina a kaba.

Kamfanin Mercedes-Benz ya ƙera irin wannan mota daga 1955 zuwa 1963, guda 25,881, bisa nacin Max Hoffman, dilansu na New York, wanda ya so a samu ƙanwar shahararriyar motarsu 300 SL mai sauƙin kuɗi. Idan dillali ya ce maka ai duk ɗaya ne da 300 SL, yi murmushi kawai. Fuska ce suka haɗa. Yayar silinda shida gare ta, kuma buɗaɗɗiyarta guda 1,858 kacal aka yi. Wannan silinda huɗu ce, lita 1.9, ƙarfin doki 105, giya huɗu ta hannu. Ba motar tsere ba ce, ta yawon yamma ce.

Abin da ke kashe 190 SL tsatsa ce, kuma Legas gidan tsatsa ne, ga laima ga iskar gishiri daga teku. An gina motar kan dandamalin Marsandi 180 da aka rage wa tsawo, bodi da shasi a haɗe suke da walda, don haka ruɓar ƙasa ruɓar ƙashin motar ce gaba ɗaya. A ɗaga ta sama, a shiga da tocila. Wuraren dubawa su ne dogayen ƙarafan da ke ƙarƙashin ƙofofi, gurbin sa jak, daɓen ƙarƙashin kujeru, mazaunin batir, ramin safayar taya, bayan fitilun gaba, da “girar” nan da ke saman kowace taya inda laka ke maƙalewa. A wannan motar an yanke ƙarfen da ya mutu an sa sabo, layin waldar siriri kuma a miƙe, ba a laɓta baƙin kwalta mai kauri don ɓoye aibu ba. Tsagar da ke tsakanin ƙofa da bodi daidai take daga sama har ƙasa a ɓangarorin biyu, ƙofar na rufuwa da yatsa biyu. A motar da ba ta da rufin ƙarfe, wannan ce shaidar cewa bayanta bai lotsa ba.

Ga wani wuri da masu saye ke yawan ruɗewa. Sukan naɗe maganaɗisu a ƙyalle su bi bodi da shi don gano inda aka cika fila, wato ƙullin da ake cike lotsawar bodi da shi, dabara ce mai kyau. Sai dai ƙofofi, bonet da murfin but na 190 SL na alminiyam ne tun daga masana’anta, maganaɗisu ba zai kama su ba. Inda ya kamata ya kama shi ne fuka-fukan gaba da na baya. Idan kuwa ya kama bonet, to nan ne abin tambaya.

Fatar kujerun sabuwa ce, ɗinkin ya bi tsarin asali, agogon da ke jikin murfin aljihun gaba yana tafiya. Rufin tamfol ɗin yana naɗewa ba gardama, amma robar da ke gefen gilashin direba ba ta zauna sosai ba, ruwan watan Yuni zai same ta.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Injin yana shan mai ta kafireta biyu ƙirar Solex 44 PHH, waɗanda bakanikai a duk duniya suka san halinsu. Sandar da ke juya bawul ɗin totur takan cinye mazauninta da tsufa, iska ta riƙa kutsawa ta gefe, sai silo, wato gudun inji idan ba a taka totur ba, ya ƙi zama wuri ɗaya. Wannan motar da sanyin safiya lafiya lau take tashi, amma idan ta yi zafi silonta kan hau ya sauka, alamar an wanke kafiretocin ne kawai, ba a sake musu bushi, wato mazaunin sandar, ba. Gwajin ba wuya: inji na silo, a fesa ɗan maganin wanke kafireta a bakin sandar, idan ƙarar ta canja to iska na shiga. Juya sukurun saiti ba ya magance wannan, wahalar da kai ne. Sai an cire su an kai wa mai injin gyaran ƙarfe ya sa sabon bushi, sannan a daidaita biyun da ma’aunin iska. Wasu kan gaji su maye su da kafireta ƙirar Weber, motar ta fi daɗin tuƙi, amma darajarta a wurin masu tara tsofaffin motoci ta ragu. Wanda ya yi haka ya adana na asalin a kwali.

Man da za a zuba mata ma abin lura ne. Tankinta lita 65 ne na ƙarfe, idan ya zauna rabi wata da watanni, laima kan taru a ciki ta zama ruwa. Wanda ya tuna gurɓataccen fetur mai sinadarin metanol da ya shigo ƙasar nan a farkon 2022 ya san abin da mummunan mai ke yi wa roba. A sa ƙarin filta kafin famfon mai, a kuma tsaya ga gidan mai ɗaya da aka yarda da shi.

Fankar lagireto da bel take juyawa, gudunta gudun inji. Dinamo ne kuma ke cajin batir, ba ya ba da wutar kirki a silo. Ka haɗa waɗannan biyu da gosulon gadar Third Mainland da yamma: allurar zafi na hawa, batir na sauka. Kan silindar na alminiyam ne, tafasa ɗaya na iya lanƙwasa shi ya ƙona gasket. Masu sabuntawar sun bar lagireton yadda yake, abin da ya wadatar a Jamus. A nan sai an ƙara masa layin ciki, a ɓoye ƙaramar fankar lantarki a gabansa, a kuma daina zuba ruwan rijiyar burtsatse zalla.

Birkin na ganga ne a tayoyi huɗu, layin mansa kuma ɗaya tak. Bututu ɗaya ya fashe, birki ya tafi duka. Akwai na’urar ƙarin ƙarfi ƙirar ATE T50, wadda idan robarta ta mutu takan tsotse man birki ta tura cikin inji, sai ka ga farin hayaƙi a salansa, man na raguwa ba ɗigo a ƙasa. A wannan motar fedar ta ɗan yi taushi, kuma tana ja hagu idan aka taka da ƙarfi, wato takalman birkin na son saiti. Man birki na shan laima, a Legas a sauya shi duk shekara. Ƙafar gaba mai kinfin ce, wato sandar da taya ke juyawa a kanta idan an karya sitiyari, tana da bakunan giris da yawa, wanda ya manta su zai ji sitiyari ya yi nauyi. A kwana kuma kada a saki totur farat ɗaya, gatarin bayan mai lilo ne, yakan wulla gindin motar.

Sitiyarinta a hagu yake, hakan ya dace, tun da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilun 1972. Lambar shasin buɗaɗɗiyar tana farawa da 121.042, mai zuwa da rufin ƙarfe kuma 121.040. A nemi katin bayanan masana’anta a gwada lambar inji da ta fenti da shi, a nemi hotunan aikin tun tana tsirara. Takardun kwastan ma a kai su a tantance, domin akwai ƙa’idar shekaru kan shigo da tsofaffin motoci.

A kasuwannin Turai da Amurka mai kyau irin wannan takan haura dala 100,000, kuma masu ita a nan da dala suke magana. Bodin ya cancanci kuɗinsa, shi ne kuma aiki mafi tsada a motar. Kafireta, lagireto da birki su ne abin da mai saye zai riƙe ya nemi ragi. Kayanta ba na kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo ba ne, in ban da filogi da bel, sai an yi oda daga Jamus ko Amurka, har tayarta mai lamba 6.40-13. Mai gida a Lekki ko Victoria Island inda ruwa ke shiga gareji ya fara ɗaga daɓensa tukuna, ya sa na’urar tsotse laima, ya kuma fitar da ita duk ranar Lahadi da safe ta yi tafiyar rabin awa har man injin ya yi zafi.