Zarton gora, almakashin igiya ko mai inji: wanne ya dace da mai sana'ar datse rassa?

Abin da mai saye yake fara tambaya shi ne tsawo: mita nawa gorar, wato doguwar sandar da ake ɗora abin yanka a kanta, take kaiwa? Kamfanoni sun san haka, shi ya sa da yawansu suke rubuta lamba mai daɗin ji a jikin kwali, alhali sun haɗa har da tsayin mutumin da zai riƙe gorar. Ka nemi tsawon gorar ita kaɗai. Sannan ka tuna ba a tsaye cak ake riƙe ta ba, domin wanda ya tsaya a ƙarƙashin reshen da yake yanka, a kansa reshen zai sauka. Littattafan umarni na masu inji suna cewa kada karkatar gora ta wuce digiri 60 daga ƙasa. A wannan karkata, gora mai mita 4 ba za ta ba ka fiye da kimanin mita 3 da rabi a saman hannunka ba.

A ganina, abin da ya fi tsawo muhimmanci shi ne nauyin da ke can ƙarshen gora, da kuma yadda gorar take lanƙwasa idan an miƙe ta duka. Rabin kilo a ƙarshen mita 5 ba rabin kilo ba ne a kafaɗa, kamar dai bambancin rungumar tulu da riƙe shi da hannu a miƙe. Kayan da ka ɗaga na minti biyu ka ce ba nauyi, shi ne zai hana ka ɗaga hannu bayan awa shida.

Kaurin reshe shi yake raba aiki tsakanin kala ukun. Almakashin igiya na ƙananan rassa ne, daga siririn tsiro zuwa kaurin santimita 3 ko 4, gwargwadon girman kan. Kana saƙala ƙugiyarsa a reshe, ka ja igiya, wuƙar ta gitta ta yanke, sifirin ya mayar da ita. Yankansa yana fita sumul, ba ya yage ɓawo, kuma yana shiga cikin cunkoson rassa inda zarto zai yi ta kaɗa reshe ba tare da ya ci ba. Ka duba ko kan na ƙarfe ne mai kauri, ko ana iya kwance wuƙar a wasa ta, da kuma ko ana sayar da sifirin da igiya daban. Mai tayoyi biyu da igiya ke bi ta kansu ya fi sauƙin ja, sai dai igiyar da za ka ja ta fi tsawo. Wanda ya tilasta wa almakashi reshen da ya fi ƙarfinsa, wuƙar za ta kauce, daga nan kuma sai ta riƙa tauna reshe maimakon yanka.

Zarton gora na hannu shi ne zan ce mai sana'a ya fara zuba kuɗinsa a kai, ko da yana da niyyar sayen mai inji daga baya. Ya fi kowanne kaiwa sama: samfurin Hayauchi na kamfanin Silky na Japan yana miƙewa har mita 6.3, tsawon da masu inji na yau da kullum ba sa kusantarsa. Ba fetur, ba caji, ba ƙara. Haƙoransa a jawowa suke ci, ba a turawa ba, kuma an lanƙwasa bakin ne domin nauyin gorar da kansa ya danna shi cikin itace. Masu kyau suna da ƙugiya a tsini wadda ke hana zarto zamewa daga cikin yanka, wasu kuma da ɗan lauje a gindi na tsaga ɓawon ƙasan reshe kafin a fara. Akwai haƙoran da aka gasa tsininsu da lantarki: suna daɗewa ba su dasashe ba, amma magagari ba ya cin su, idan sun mutu sai sabon baki. Akwai kuma waɗanda ake wasawa. Wanda ba ya da haƙurin zama da magagari, ya ɗauki na farkon kawai.

Ita kanta gorar iri biyu ce. Akwai mai zugewa, wadda sashe ke shiga cikin sashe, tana da saurin daidaitawa amma maƙallanta su ne suke fara lalacewa, kuma idan an zuge ta duka takan yi rawa. Akwai ta gaɓa-gaɓa, irin ta kamfanin Jameson, da ake haɗa sassa masu ƙafa 6 ko 8 gwargwadon buƙata, kuma kai ɗaya na zarto ko na almakashi yana hawa kansu. Idan gaɓa ɗaya ta tsage, ita kaɗai za ka sauya. Gora mai siffar ƙwai ta fi zagayayyiya faɗa wa hannu inda bakin zarto ya fuskanta, abin da ba ka iya gani sosai daga ƙasa.

Maganar abin da aka ƙera gorar da shi kuwa, nan ba batun jin daɗi ba ne kawai. Alminiyam ba shi da nauyi kuma ba ya saurin lanƙwasa, amma yana ɗaukar lantarki. Zaren kabon ya fi shi rashin nauyi, ya fi shi tsada, shi ma yana ɗaukar lantarki, abin da mutane da yawa ba su sani ba saboda yana kama da roba a ido. Faibagilas ya fi su nauyi, amma shi ne na masu aiki kusa da wayoyi. Ko shi ɗin ma ba kowanne ba. Wanda ake yarda da shi shi ne mai cike da soso a ciki domin kada danshi ya taru, wanda aka gwada. A Amurka, gwajin irin wannan sanda shi ne volt 100,000 a kan kowace ƙafa har minti 5, kuma ƙa'idar kariya ta masu aikin bishiya, ANSI Z133, ta hana wanda ba a horar da shi kan aikin layin lantarki ba matsawa ƙasa da ƙafa 10, wato kimanin mita 3, daga waya. Gorar da ta jiƙe, ko ta yi dauɗa, ko ta tsage, ta rasa wannan kariya. Masu inji na yau da kullum kuwa ba su da ita tun farko, ko na fetur ko na batir.

Mai inji, wato ƙaramin zarto mai sarƙa a kan gora, na wanda yake da rassa masu kauri ne da yawa a rana guda. Farantin sarƙarsa yawanci santimita 25 zuwa 30 ne, gorar kuma takan tsaya wajen mita 4. Na fetur daga Stihl, Husqvarna ko Echo suna kai kilo 7 ko fiye, suna shan fetur da aka gauraya da mai, galibi fetur kashi 50, mai kashi 1, kuma muddin akwai jarka aiki ba ya tsayawa. Illarsu ita ce ƙara, jijjiga a hannu, hayaƙi a gefen fuska, da rigimar kafireto idan mai ya daɗe a ciki. Na batir sun daina zama kayan wasa. Danna maɓalli kawai, kana jin muryar abokin aikinka, kuma inji ba ya ci gaba da ruri tsakanin yanka da yanka. Amma sayen na batir shiga gida ne: batirin wani kamfani ba ya hawa na wani, sai ka lissafa kuɗin batir biyu aƙalla da caja tun kafin ka ce ya yi araha. Ka kuma duba inda aka sa motar. Idan tana can sama kusa da sarƙa, kan zai yi nauyi. Idan tana gindi, akwai sandar da ke juya sarƙa ta cikin gora, wadda ita ma tana iya lanƙwashewa idan reshe ya faɗo mata.

Abin da masu inji ba sa yi da kyau shi ne yanka na ƙarshe. Alex Shigo, masanin bishiyoyi da ya yi aiki a hukumar gandun dajin Amurka, ya nuna cewa bishiya tana killace rauninta ne idan an bar mata ɗan kumburin da ke gindin reshe. Shi ya sa ake yanka sau uku: a tsaga ta ƙasa, a sauke nauyin reshen daga sama can gaba kaɗan, sannan a cire kututturen daf da kumburin. Da sarƙa mai gudu a nisan mita 4, wannan na ƙarshen yakan karkace ko ya ci jikin bishiya. Ƙwararru da yawa da inji suke sauke nauyi, su ƙarasa da na hannu.

Araha ba ta ado a wannan fanni. Na gida da ake yi domin datse reshe biyu a shekara, maƙallansu na roba ne kuma ba a samun kayan gyaransu. Kafin ka biya, ka tambayi ko akwai bakin zarto, sarƙa, faranti da maƙalli na sauyi. Ka miƙe gorar iyakarta, ka karkata ta yadda za ka yi aiki, ka girgiza ta ka ga ko gaɓoɓin suna wasa. Ga mai inji, ka rataya maɗaurin kafaɗa ka gwada da shi, ka kuma sa kuɗin hular kwano, gilashin ido da abin toshe kunne a cikin lissafin.