Fitar da riɗi daga Gombe da Bauchi: wace hanya ce daidai da ƙaramin jari?

Sabon kamfanin da ke son kai riɗi, zoɓo ko ƙaro kasuwar waje yana da hanyoyi uku a gabansa, kuma kowace da irin jarin da take ci.

Mafi sauƙi ita ce ka tara kaya a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ko ta Gadar Maiwa a Bauchi, ka kai wa manyan masu fitarwa a kasuwar Dawanau ta Kano ko Legas. Ba ruwanka da takardun tashar jirgin ruwa, kuma da naira za a biya ka. Ribar ba ta da kauri, mai saye na waje kuma ba zai taɓa jin sunanka ba. Amma a nan ake koyon abin da ke ɓata ciniki: laima, ƙasa, tsakuwa, da gauraya farin riɗi da ja. Masu saye kan nemi tsabta kusan kashi 99 cikin 100, laima kuma kada ta haura kashi 6 ko 7. Abin da ya gaza haka, a kan sikeli za a zaftare maka.

Ta biyu ita ce kwantena da sunanka, kuma nan ne ake yawan ƙona hannu. Sai ka yi rajistar kamfani a CAC, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ka buɗe asusun kuɗin waje, ka cike fom ɗin NXP na bayyana kayan da za ka fitar ta bankinka, ka biya harajin duba kayan fitarwa (NESS) na kashi 0.5 cikin 100 na darajar kayan, sannan hukumar NAQS mai duba lafiyar kayan gona ta ba ka takardar lafiyar amfanin gona. Kwantena mai ƙafa 20 na cin tan 18 zuwa 19 na riɗi, wato buhu mai kilo 50 kusan 370. Ka lissafa kuɗin wannan, da tankaɗe, da buhuna, da motar Gombe zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa, da watannin da jarinka zai kwanta. Babban Banki kuma ya ba ka kwana 180 ka dawo da kuɗin cinikin gida.

Kada ka yarda da mai cewa ka turo, in kaya sun iso zai biya. Ko ya ba da kafin alƙalami, ko bankinsa ya tsaya masa a rubuce. A cinikin farko ka sayar bisa sharaɗin FOB, wato alhakinka ya ƙare da an ɗora kaya a jirgi.

Sai batun maganin ƙwari, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda ragowar maganin da ake zubawa a rumbu, a 2017 kuma Meziko ta dakatar da zoɓonmu saboda ƙwaro. Ka ɗebi samfuri daga buhuna daban-daban ka kai ɗakin gwaji kafin ka loda, domin kwantenar da aka ƙi karɓa, kai ne za ka biya kuɗin dawo da ita.

Ta uku ita ce ƙananan ƙunshi ta DHL zuwa shagunan 'yan Afirka a Ingila ko Amurka. Kuɗin jirgin sama a kilo ake yanka shi, don haka ɗanyen riɗi ba zai fid da kai ba. Sai sarrafaffen kaya mara nauyi, kamar garin kuka ko busasshen zoɓo a leda mai kyau da lambar NAFDAC. Kilishi kam ka haƙura, dokokin shigar da nama za su tsare shi.

Wanda jarinsa bai kai na kwantena biyu ba, gara ya yi kaka ɗaya ko biyu a hanya ta farko, yana aika samfuri ga masu saye a Turkiyya ko Japan. In oda ta samu, NEPC na yi wa ƙungiyoyin gama kai rajista, saboda haka mutum biyar ko shida na iya haɗa hannu su cika kwantena ɗaya, muddin sun rubuta kason kowa da wanda zai ɗauki asara idan gwaji ya nuna matsala a buhunansa.