Birkin gaba na tsohuwar Golf 3: sabunta na asali ko sa babba?

Wanda ya saba gangarowa daga Jos zuwa Bauchi da mota cike da fasinja ya san warin takalmin birki idan ya yi zafi. Golf 3 mai ƙaramin inji tana zuwa da faifan birki mai faɗin milimita 239, shi ya sa wasu ke ɗaura na 256 mai ramukan iska a tsakiya, wanda ya fi saurin hucewa.

Sai dai babban faifai ba shi kaɗai yake tafiya ba. Dole ka nemo kalifa (ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai) da mariƙinta, galibi na gwanjo, kuma wili mai inci 13 ba zai shiga ba sai 14, ga kuɗin tayoyi. Kalifar gwanjo kuwa, in fistin ɗinta ya yi tsatsa, sai motar ta riƙa fizga gefe guda.

Sabunta na asali ya fi sauƙi: sabon faifai, takalmi mai kyau, a duba tiyo, a zubar da tsohon man birki, don yana shan danshi, a zuba sabo nau'in DOT 4. Mai zirga-zirga tsakanin Wunti da Yelwa a cikin garin Bauchi, wannan ya ishe shi. Ɗan kabu-kabun hanyar Jos ne zan ce ya daure ya sa babba.