Hattara da masu tallan "fitilar diskas" a Garwa, Marwa da Ngaundare

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu kiwon kifin ado. Akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da WhatsApp, kuma masu kifin diskas, kifin adon nan mai faɗi kamar faifai, ake nufi da ita. Hawa uku gare ta, kowane hawa da kuɗinsa.

Da farko za a turo maka bidiyon ƙananan diskas, jajaye jur ko shuɗaye masu ƙyalli, a ce suna Duwala ko Yawunde, ka biya kafin alƙalami ta waya a saka maka su a mota. Ka lura da tsakuwa ko bangon akwatin gilashin da kifin ke ciki a bidiyon. In farin abu ya koma ruwan hoda ko shunayya, to fitila ce ta yi wa kifin kwalliya, ba launinsa ba ne. Haka nan ɗan kifin da bai wuce santimita 5 ba amma ya fito da cikakken launin babba abin tuhuma ne, domin akwai masu ba su sinadarin homon don launi ya fito da wuri, bayan 'yan makonni ya kode. Wanda idonsa ya yi wa jikinsa girma kuwa tsumburarre ne, ya riga ya tsaya, ba zai kai girman da ake so ba.

Kifin ya iso bayan doguwar tafiya, ya yi duhu, layuka baƙaƙe na tsaye sun fito a jikinsa, ya maƙale a lungu ya ƙi cin abinci. Ka kira mai sayarwa, sai ya ce: "Alhaji, fitilarka ce ba ta da ƙarfi, diskas sai da haske sosai." Nan ne hawa na biyu, kuma nan ne babbar ƙaryar.

Asalin diskas kogin Amazon ne da rassansa, a Barazil, Peru da Kolombiya. Yana zama a ruwa mai gudu a hankali, cikin saiwoyi da rassan da suka nutse, a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi. Wasu wuraren, irin Rio Negro, ruwan ma ruwan shayi ne saboda ganyayen da suka jiƙa a ciki. Kifin inuwa ne. Yin duhu da fitowar layukan nan alamar takura ce, ko daga tsoro, ko ruwa mara kyau, ko ciwo. Ƙara masa haske a wannan hali ƙara masa azaba ne. Ba shi da fatar ido da zai rufe, kuma idonsa yana ɗaukar mintuna kafin ya saba da sauyin haske. Shi ya sa in an kunna fitila mai ƙarfi kwatsam cikin duhu za ka ga ya zabura ya bugi gilashi, ya kuje jikinsa, wani ya yi tsalle ya faɗo waje.

Abin da suke sayarwa da sunan fitilar diskas yawanci ɗayan biyu ne. Ko dai fitilar LED ta haska tsakar gida aka canza wa kwali, ko fitilar akwatin ruwan teku mai shuɗin haske, mai Kelbin (ma'aunin launin haske) 10,000 zuwa sama, wadda aka ƙera don murjani. Akwatin ruwan daɗi abin da ya dace da shi farin haske ne, wajen Kelbin 6,500.

A yi lissafi. Babban diskas yana son kamar lita 50, kuma ba a ajiye su ƙasa da biyar ko shida, don haka mu ɗauki akwati mai lita 300. Haske mai sauƙi shi ne lumen (ma'aunin yawan haske) 10 zuwa 20 a kowace lita, wato lumen 3,000 zuwa 6,000 gaba ɗaya. LED na yau da kullum yana ba da kusan lumen 100 a kowane wat, kenan wat 30 zuwa 60 ya wadatar, in babu shuke-shuke a ciki ma na ƙasan ya isa. Fitilar da aka rubuta wa wat 200, in gaskiya ce, za ta zuba kusan lumen 20,000, sama da 60 a kowace lita. In kuma ƙarya ce, ka biya kuɗin abin da ba ka samu ba. Ɗan mitan auna wat da ake sakawa a soket zai nuna maka abin da take ja a cikin minti ɗaya, kuma mai sayar da kayan gaskiya ba ya jin haushin a gwada.

Sai zafi, wanda mu ya fi shafa. Diskas yana son digiri 28 zuwa 30. A Garwa da Marwa, cikin Maris da Afrilu, zafin gari yana haura 40, ruwan akwati ya riga ya kai iyaka tun kafin a kunna komai. Ka ɗora babbar fitila dab da ruwa, zafi ya ƙaru, iskar shaƙa ta ragu a cikin ruwan, kifi ya hau sama yana haki. Bayan kwanaki gansakuka ta rufe gilashi. A duba lambar IP kuma, wadda ke nuna kariyar fitila daga ƙura da ruwa: abin da zai zauna a kan ruwa mai tururi da fantsama kada ya gaza IP65, wutar bolt 220 ba abin wasa ba ce.

Hawa na uku ya fi muni. Kifi ya ƙara lalacewa, sai a ce ƙwayoyin cuta ne, a sayar maka da kwan UV, wato kwan fitila mai hasken kashe ƙwayoyin cuta, tsirara ka jefa cikin akwati. Wallahi kada ka yarda. Hasken UV-C na kashe ƙwayoyin cuta wurinsa cikin rufaffen bututu ne, ruwa ya bi ta ciki ya fita, ba mai ganin hasken. Tsirara yana ƙona ido da fatar kifi, yana ƙona na mutum. Yaron da ya tsaya kallonsa zai iya tashi cikin dare da ciwon ido kamar wanda ya kalli wutar walda.

Wanda kifinsa ya riga ya yi duhu, ya kashe fitilar akwati kwana biyu ko uku, hasken ɗaki ya isa. Ya rufe bayan akwatin da gefunansa da takarda mai sauƙin launi. Sannan ya auna ruwa, domin sau da yawa matsalar a nan take. Sinadaran da dattin kifi ke haifarwa su kasance haka: amoniya sifili, naitirait sifili, naitiret ƙasa da miligiram 20 a lita. Ya canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari da ruwan da aka cire wa kulorin, mai zafi daidai da na akwatin. In ya ga farin kashi mai jan zare da ramewar goshi, wannan ciwon ciki ne, babu fitilar da za ta yi maganinsa.

In za a dawo da haske, a fara da awa 4 ko 5, a riƙa ƙarawa har 8, kada a wuce 10. A kunna fitilar ɗaki minti 15 zuwa 30 kafin ta akwati, a kashe ta akwati kafin ta ɗaki. Kainuwa a saman ruwa tana ba da inuwa mai kyau, amma wadda aka ɗebo daga tafki a wanke ta a ajiye ta a roba daban na mako biyu ko fiye, saboda dodon koɗi da ƙwari. Ga kuma ɗauke wuta: agogon kunna fitila mai juyi yana tsayawa in wuta ta tafi, ya dawo a makare, sai ka iske fitila ta kama ƙarfe biyun dare. A nemi mai batir a ciki.

Kafin ka tura ko sefa ɗaya, ka nemi sabon bidiyo a farin haske kusa da taga, da farar takarda a jikin gilashi, ka ga kifin yana cin abinci. Ka tambayi lumen, Kelbin da lambar IP na fitilar. In amsar ita ce "ai ta musamman ce daga Jamus" ba tare da lamba ba, ka riƙe kuɗinka. Wanda aka riga aka cuta ya adana hoton hirar da lambar shaidar tura kuɗin, ya kai wa 'yan sanda ko jandarma, ya kuma sanar da masu kiwo na garinsa, domin masu wannan sana'a sukan canza suna da lambar waya su dawo da bidiyon nan dai.