RaySession na riƙe wayoyin JACK, in dai ka hana manhajoji haɗa kansu

Duk mai haɗa kiɗa a Linux ya san wahalar nan. Ka buɗe Hydrogen don ganga, ZynAddSubFX don kibod, Guitarix don jita, sannan Ardour inda za a ɗauki komai, kuma sai ka zauna kana jan waya ɗaya bayan ɗaya a allon JACK, wato tsarin da ke haɗa sautin manhajoji, kafin ka ji ko ƙwas. Gobe ka kunna kwamfuta a sake sabon lale. Abin da ya kai ni ga RaySession ke nan, manhaja mai buɗe su duka tare ta kuma tuna wayoyinsu, kuma gaskiya ya rage min wahala sosai.

Shi JACK, wanda Paul Davis ya fara tun 2002, aikinsa kai sauti daga wannan manhaja zuwa waccan ne kawai, ba ruwansa da abin da ka haɗa jiya. An taɓa yin JACK Session don toshe wannan ɓarakar amma masu JACK ɗin da kansu suka ce a bar shi a koma tsarin NSM, wato Non Session Manager, wanda Jonathan Moore Liles ya ƙirƙiro, daga baya a 2020 aka fitar da reshensa mai suna New Session Manager. Toh RaySession, na wani Bafaranshe Mathieu Picot, kan wannan tsarin yake tafiya, kyauta ne kuma da Python da Qt aka rubuta shi.

Ka buɗe sabon seshon, wato zaman aiki guda da duk manhajojinsa, ya yi masa folda cikin Ray Sessions, duk manhajar da ka ƙara fayilolinta nan ciki za su zauna ba a warwatse ko'ina ba. Ka danna sebin sau ɗaya, shi zai aika wa kowacce saƙo ta OSC, hanyar da manhajojin kiɗa ke aika wa juna saƙo, ta ajiye nata, akwai kuma wani ɗan ƙaramin abu a jerin mai suna JACK Connections wanda shi ke rubuta duk wayoyin da ka ja. In ka dawo gobe zai jira kowace manhaja ta gama tashi sannan ya mayar da wayoyinta. Abin da ya fi burge ni shi ne in akwai git, manhajar adana tarihin fayiloli, a kwamfutarka RaySession na ajiye tarihin seshon ɗin duk lokacin da ka yi sebin, banda manyan fayilolin sauti irin wav, don haka in saitin ya rikice sai ka koma na ɗazu ko na jiya. Ga wanda wuta ke ɗauke masa yana tsaka da aiki wannan ba ƙaramin abu ba ne wallahi.

Amma fa ga inda gizo ke saƙa. Manhajoji da yawa da zarar sun tashi sai su haɗa kansu da sifika ba tare da an sa su ba. Hydrogen na da wannan zaɓin a saitin sautinsa, in a kunne yake gangar za ta fita kai tsaye zuwa sifika kuma ta sake fitowa ta cikin Ardour, sai ka ji ta yi ƙarfi fiye da kima, ka rage feda a miksa amma tana nan daram, mutum ya yi ta neman matsala inda babu ita. Shiga saitin kowace manhaja ka kashe haɗa-kai ɗin nan tun ranar farko, ka bar Ardour kaɗai ya kai masta zuwa sifika.

Haka nan kar ka bar allon QjackCtl ko qpwgraph, wasu manhajojin jan waya, a kunne yana tilasta nasa jerin wayoyi alhali RaySession na nasa. Dukansu biyun Rui Nuno Capela ne ya yi su kuma suna da kyau, sai dai qpwgraph in ka kunna masa Exclusive duk wayar da ba ta cikin jerinsa cire ta zai yi, RaySession ya haɗa, qpwgraph ya cire. Zaɓi ɗaya kawai. RaySession ma na da nasa allon wayoyin a ciki, ya isa.

A kan PipeWire, tsarin sautin Linux da ke iya maye gurbin JACK, RaySession na aiki lafiya, illa sunayen ramukan katin sauti sun canza, inda JACK ke cewa system:playback_1 shi PipeWire sunan katin yake sakawa, so in ka ɗauki seshon zuwa situdiyon abokinka mai wani katin daban sai ka sake haɗa na mayik da na sifika da hannu. Manhajojin da ba su san NSM ba kuwa ana shigar da su ta Ray-Hack, wata dabara ta cikin RaySession, suna tashi dai amma sebin ɗinsu sai ka riƙa dubawa da kanka, nan kam ban gamsu sosai ba.

In duk aikinka cikin Ardour yake da fulogin, wato ƙananan manhajojin da ke aiki a cikinsa, ba ka buƙatar RaySession sam, Ardour na tuna nasa wayoyin. Amma in kana buɗe manhaja uku huɗu a lokaci ɗaya, ko kana kiɗa kai tsaye a wurin biki inda babu lokacin jan waya, sauke shi ka fara da seshon ƙarami na Hydrogen da Ardour kawai ka ga yadda yake.